Murfin Akwatin Sarki Nebsu

A zamanin da ƙasar Masar ta tsage gida-gida, kowane mai ganuwa da 'yan mashi yana kiran kansa sarki, akwai birane biyu a bakin Kogin Nilu da ba sa ga-maciji da juna: Sehenu a kudu, Tahoru a arewa. Abin da ya haɗa su faɗa wani dutse ne da ake kira Dutsen Kada, inda kogi ke matsewa har mai baka ya iya harbin wanda ke tsallake. Duk wanda ke riƙe da ganuwar dutsen nan, shi ke cewa jirgi ya wuce ko ya tsaya. Tun kaka da kakanni a hannun Sehenu take.

A shekarar da muke magana, Sarki Ahanu na Tahoru ya taso da jirage don ya ƙwace ta. Sarkin Sehenu a lokacin Nebsu ne, saurayi ɗanye shakaf, wanda mahaifiyarsa Henuti ta riƙe wa sarauta tun yana goye, ba ta daɗe da miƙa masa sanda ba. Ya fita ya tari abokan gaba a wani tsibirin yashi. Aka fara da kibau, sannan jirage suka haɗa ƙirji, aka koma gatari da mashi cikin ruwa iya gwiwa, wanda ya zame shi ke nan. Mutanen Sehenu ne suka yi rinjaye, wannan ba musu. Amma da Nebsu ya ga jirgin Ahanu ya juya, sai zafin ƙuruciya ya ɗebe shi, ya bi shi da jirgi ɗaya tal. Tsohon Sarkin Yaƙinsa, Ibeni, yana ta kwarara masa kira, amma ina! Aka ga mashi ya sami Nebsu a wuya, aka ga ya faɗa cikin jirgin abokan gaba, jirgin ya yi arewa da shi. Haka Sehenu ta ci yaƙi ta dawo gida ba kiɗa.

Da aka kai wa Henuti labari, ana yi mata kitso. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa mai kitson ta ƙarasa. Washegari ta ɗauki sandar da ta ajiye, ta koma kan karaga. In an kawo abinci ta ci, in ba a kawo ba ba ta tambaya. Fadawa suka yi ta yabon dauriyarta. Ba dauriya ba ce, wallahi. Jikin ne kawai ke zuwa fada, ita ba ta ciki.

To, kafin mu shiga majalisa, sai na faɗi abin da mutanen nan suka yi imani da shi, in ba haka ba za a ɗauke su mahaukata. Su a wurinsu sama mace ce, sunanta Nut. Kullum da magariba takan haɗiye rana, rana ta bi ta cikin jikinta, da asuba ta sake haifo ta. Shi ya sa in babban mutum ya mutu sai a busar da gawarsa da kanwa, a naɗe ta, a sa a akwati, a zana Nut a cikin murfin, fuskarta na duban tasa. Da an rufe, sai su ce uwa ta rungumi ɗanta, za ta haɗiye shi ta haife shi tare da rana. Wanda bai sami murfi ba kuwa, ya yi mutuwar da ba tashi. Jahilci ne, na sani. Amma uwar da ta yarda da wannan, ka gaya mini abin da ba za ta bayar ba.

Ana nan sai ga jakada daga Tahoru, wani dogon mutum mai sanyin murya da ake kira Didu. Aka tara majalisa. Galadima Wahti, ƙanin mijin Henuti, yana damanta. Sarkin Yaƙi Ibeni yana hagu. Tsohuwa Senebti, mai kula da ɗakin bautar Nut, tana zaune a ƙasa kan tabarma, don gwiwoyinta ba sa yarda da kujera.

Didu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranki ya daɗe, Giwar Sehenu, uwar sarki, matar sarki. Ubangidana Ahanu, Bijimin Arewa, ya ce in gaya miki ɗanki ya mutu mutuwar maza, kuma gawarsa na hannunsa. Ya ce masu kanwarsa za su gyara shi gyaran 'ya'yan sarakuna, masu zanensa su zana masa Nut, a rufe, a buga hatimi, a kawo miki shi har mashaya, inda jiragenku ke tsayawa. Ya rantse da Uwar Sama a kan haka. Abin da yake so a madadi, ganuwar Dutsen Kada, da amana tsakanin biranen biyu. In kuwa kin ƙi, ya ce itace ba ya tsada a Tahoru."

Kowa a fada ya gane cewa wuta ake nufi.

Ibeni ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Uwar ɗakina, ni na koya wa Nebsu riƙon garkuwa, babu wanda zai gaya mini zafin rashinsa. Amma dutsen nan shi ne ƙofar gidanmu. Yaron nan jininsa ya bayar don kada a ba da shi. Yau mu ɗauka mu miƙa, to me ya mutu a kai? Ki ba ni jirage, in je in ɗauko shi da gatari."

Galadima Wahti ya gyara zama. Shi mutum ne mai laushin baki, irin wanda zai yanka ka yana yi maka sannu. Ya ce, "Sarkin Yaƙi, kafin gatarinka ya isa Tahoru, toka za ka tarar. Dutse dai dutse ne, in ya tafi yau ana iya ƙwato shi gobe. Ɗan wana fa? In wuta ta ci shi, wane yaƙi ne zai dawo da shi? Ranki ya daɗe, ni dai ba zan iya duban rana tana fitowa ba alhali na san Nebsu ba ya cikinta." Har da share ido da gefen mayafi, kai ka ce gaske ne.

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Henuti tana duban bango. Da suka gaji suka yi shiru, sai ta juya wajen tsohuwa ta ce, "Iya Senebti, murfin da aka zana a Tahoru, Nut tana karɓa?"

Tsohuwa ta ce, "Sama ɗaya ce, 'yata. Ba ta san Tahoru da Sehenu ba."

Henuti ta ce, "A ba su dutsen." Ta faɗe shi kamar mai cewa a kawo ruwa, ta tashi ta shige gida.

Gyaran gawa aiki ne mai cin lokaci, don haka sai da ruwan kogi ya janye manoma suka shiga gona sannan akwati ya iso. A ranar ne dakarun Sehenu suka sauko daga Dutsen Kada da garkuwoyinsu a baya, na Tahoru suka hau. Ibeni bai je ba, ya ce ƙafarsa na ciwo. Akwatin kuwa, a faɗi gaskiya, Ahanu bai yi rowa ba: itace mai ƙamshi, an shafe shi da ƙaro, an liƙe bakin murfin da yumɓu, an buga hatimi. Aka ɗauko shi daga mashaya aka ajiye a farfajiyar ɗakin Nut, ƙarƙashin rumfa, kafin a ƙetara da shi yamma inda kaburbura suke. Henuti ta zo ta dafa shi. Ta ce itacen yana da sanyi. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da hantsin ranar da za a ƙetara, manyan gari sun cika farfajiya, jakada Didu ma yana nan a matsayin baƙo, sai Galadima ya shigo da wani mutum a bayansa, ramamme, da tabon igiya a wuyan hannu. Galadima ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, da na iya haɗiye maganar nan da na haɗiye. Wannan ɗaya ne daga cikin dakarunmu da aka kama a tsibiri. Ya gudo daga Tahoru. Faɗi abin da ka gaya mini."

Mutumin ya kifa goshi a ƙasa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, na ga sarki. Da idona na gan shi, a bayan gidan Ahanu, da sarƙa a ƙafa, yana niƙa hatsi tare da bayi. Wuyansa a ɗaure da tsumma. Bai mutu ba."

Kai! Sai wuri ya ruɗe. Didu ya zabura ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ya ce shi da kansa ya tsaya aka naɗe gawar. Galadima ya ce, "To me za ka ce dama? Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

A nan ne aka ga abin da aka daɗe ba a gani ba: idon Henuti ya motsa. Ta dubi mutumin, ta ce, "Ya rame?"

Ya ce, "Ya rame ƙwarai, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Ba ya son hatsin da ba a tankaɗe ba." Sannan ta dubi akwatin, ta daɗe tana dubansa, ta ce, "A buɗe."

Tsohuwa Senebti ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. Ta ce, "Henuti, ni na yanke cibiyar yaron nan, saboda haka ki saurare ni. Kin san al'adar garin nan. Murfi sau ɗaya ake sa shi. In aka ɗaga, an ɓamɓare uwa daga ɗanta, kuma Nut ba ta runguma sau biyu. In Nebsu ne a ciki, kin raba shi da fitowar rana har abada. Hannun da ya ɗaga murfi kuma ba ya sake riƙe sandar mulki. Wannan ba ni na ƙaga ba."

Henuti ta ce, "In kuma ba shi ba ne?"

Tsohuwa ta ce, "In ba shi ba ne, wani ɗan wata ne, shi ma kin cuce shi."

Ibeni ya matso kusa, ya rage murya, amma muryar mayaƙi ba ta raguwa, kowa ya ji. Ya ce, "Uwar ɗakina, na ga mashin nan ya shiga. Na ga mutane da yawa da mashi ya sama a wurin nan, ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. Wannan mutumin kuma, ni ban san fuskarsa a cikin dakaruna ba. Ki tambayi kanki, wa zai hau karaga in sanda ta faɗi daga hannunki? Wanda ya ce a ba da dutse shi ne yau ya kawo mai shaida. Ruwa ba ya tsami banza."

Galadima ya ɗaga hannuwa sama. Ya ce, "Ni? Ni ban ce a buɗe ba. Nut ta tsare ni da faɗin haka. Na dai kawo abin da na ji ne. In uwar yaro ta ga za ta iya binne akwati ta koma gida ta yi barci, alhali wataƙila ɗanta na can yana niƙa, ai ita ta haife shi, ba ni ba. A ƙetara da shi kawai."

Ka ji makirin mutum. Bai tura ta ba, rijiyar kawai ya nuna mata.

Kuma kada a ce Henuti ba ta gane ba. Matar da ta riƙe gari shekara da shekaru ba ta rasa gane tarko. Ta dubi Galadima ta ce, "Wahti, na san abin da kake so, tun ranar da wanka ya mutu na sani." Ta dubi Ibeni ta ce, "Kai ma na san gaskiya kake faɗa. Amma ka ga ya faɗi ne, ba ka ga ya mutu ba. In na binne akwatin nan, kullum aka kawo mini tuwo sai na tambayi kaina wa ya niƙa nasu a Tahoru. Ba zan iya ba." Ta juya wajen masu ɗaukar gawa ta ce su ɗaga murfin.

Babu wanda ya taɓa shi. Suka zube a ƙasa suna roƙon ta yanka su ya fi. Ta umarci dogarai, su ma suka sunkuyar da kai. Sai ta miƙa wa Ibeni hannu ta ce, "Ba ni gatarinka." Tsoho ya riƙe ƙotar gam, hawaye na bin gemunsa. Ta ce, "Sarkin Yaƙi, har yanzu ni ce mai sanda." Ya saki.

Ta ajiye sandar mulki a ƙasa, ta fasa yumɓun, ta cusa bakin gatari a tsakanin murfi da akwati, ta danna da dukan nauyinta. Ƙaron ya yi ƙara ya saki. Ta sa kafaɗa ta ture murfin, ya zame ya faɗi rigingine a kan yashi, a wajen inuwar rumfa. Jama'a suka rufe fuska. Waɗanda suka leƙa ta tsakanin yatsu suka ga zanen a fili cikin rana: mace doguwa, jikinta shuɗi cike da taurari, ta miƙe tun daga wannan ƙarshe har wancan, hannuwanta a wajen kai, yatsun ƙafarta a wajen ƙafa, ta yi rumfa da jikinta.

Gawar na naɗe da farin ƙyalle mai kyau. An ajiye masa bakansa a gefe. Henuti ta zare wuƙar da ke ɗamararta, ta yanka ƙyallen fuska a hankali, falle bayan falle, kamar mai kwance wa jariri zane.

Nebsu ne.

Fatar ta bushe ta yi duhu, amma shi ne, da girarsa mai haɗewa, da haƙorin gaba da ya ɓalle masa tun yana yaro. Masu kanwar Tahoru sun ɗinke raunin wuyan da zare siriri, sun shafa masa mai, sun taje masa gashi. Abokin gaba ya cika alkawari har da ƙari.

Didu ne ya fara magana, cikin fushi. Ya ce, "Ubangidana ya rantse da Uwar Sama, kun ƙaryata shi a gaban jama'a. Ya yi wa ɗanku abin da zai yi wa nasa, kun tona. Babu sauran amana tsakanin Tahoru da Sehenu. Dutsen kuma kun san a hannun wa yake." Ya kaɗe rigarsa ya nufi mashaya. Aka waiga neman mai shaida, ko ƙurarsa babu.

Henuti ba ta ji ko ɗaya ba. Ta ce, "Iya, a mayar da murfin."

Senebti ta ce, "Ba a mayarwa, 'yata."

"A zana wani. Ina da masu zane."

"Ko an zana dubu, ba ta dawowa."

"To ni a hukunta ni, shi me ya yi?"

Tsohuwa ta koma ta zauna a kan tabarmarta, ta ja mayafi ta rufe kai.

Galadima Wahti ya tako a hankali, ya sunkuya ya ɗauki sandar daga ƙasa, ya busa yashin da ke jikinta. Ya ce, "Ya ku manyan Sehenu, kun gani da idonku. Ban so haka ba. Amma gari ba ya kwana ba mai shi, ga kuma jiragen Ahanu za su sauko. Na karɓi wannan nauyi don dole." Ibeni ya kai hannu ɗamara, ya tarar babu gatari. Kafin ya juya dogarai sun riƙe shi, waɗanda jiya-jiya suke faɗuwa suna gaishe shi. Fadawa suka dubi juna, suka dubi mai sanda, sai wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe!" Saura suka amsa. Haka fada take, ba yau aka fara ba.

Aka busa ƙaho a bakin ƙofa, jama'a suka bi sabon sarki suka fita, farfajiya ta zama wayam. Rana ta karkata, inuwar rumfa ta janye, haske ya fara sauka a kan fuskar Nebsu.

Henuti ta ga haka. Ta tuɓe takalmanta, ta taka gefen akwatin ta hau. Ta kafa yatsun ƙafarta a wajen ƙafafunsa, ta dafa hannuwanta a wajen kansa, ta miƙe a samansa ta rufe shi da jikinta, fuskarta na duban tasa. Tsawonta bai kai ba, sai da ta yi ta miƙewa har gaɓoɓinta na rawa.

Senebti ta leƙo daga cikin mayafi ta ce, "Henuti, sauko. Ke ba Nut ba ce. Ba za ki iya sake haihuwarsa ba."

Henuti ta ce, "Na sani, Iya. Rana ce ke dukansa."